Hannu a Kafaɗar Sani

A cikinku 'ya'yana, Hafsatu ce ta fara tambayata, tun tana 'yar firamare, me ya sa duk sanda Baba Sani ya zo gidanmu na Damba ba ya miƙa mini hannu sai ya fara ɗora mini yatsu biyu a kafaɗa. Na ce mata ɗan kawuna ne, wasan taubasai ne kawai. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban faɗa mata gaskiyar duka ba. Daga baya na sami labari cewa wasu daga cikin gwaggwanninku sun ba ku nasu bayanin, wai ni na shiga tsakanin Sani da mahaifinsa har ya bar gida shekara tara. Wannan ma ba zan ce ƙarya ce zalla ba. Abin da nake so shi ne ku ji yadda abin ya faru daga bakin wanda yake tsaye a wurin, iyakar abin da zan iya tunawa. Inda nake shakka kuma zan gaya muku ina shakka, kun dai san halina.

Shekarar da na gama jami'a na dawo daga bautar ƙasa, na yi wata bakwai ko takwas a Gusau babu aiki. Kullum sai in goge riga ɗaya in zaga ma'aikatu da takarduna, in dawo in kwanta ina tunanin ko na rubuta wani abu ba daidai ba a takardar neman aikin. Na rame har mahaifiyata ta tsorata. Da kaka ta yi sai ta haɗa mini kaya ta tura ni Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu wurin yayanta, Kawu Labbo, ta ce in je in taya shi yankan dawa, ko jikina ya gaji kaina ya huta. Kawu Labbo manomi ne da damina, amma in an gama kawar da amfanin gona shi ne shugaban mafarautan yankin, shi ke cewa a shiga daji, shi ke cewa a fito. Gajere ne, siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin ya yi wa kansa kirari ba, alhali sauran mafarauta ko zomo suka kashe sai gari ya ji. Ɗansa namiji ɗaya ne, Sani, wanda na girme wa da shekara uku. A lokacin kowa ya yarda babu saurayin da ya kai shi iya harbi, kuma kowa ya san shi zai gaji bindigar Kawu da matsayinsa. Sani ne ya raɗa mini suna Malam Wataƙila tun a makon farko, domin ya tambaye ni ko zan ƙara tuwo na ce wataƙila.

Kawu yana da wata hanya ta koyar da samari wadda ban gan ta a wani wuri ba, ko da yake ba zan ce babu ba. Ba ya barin sabon maharbi ya fita shi kaɗai. Biyu-biyu yake haɗa su. Ɗaya ya riƙe bindiga, irin ta maƙera mai ɗurin albarushi, wadda in ka harba sau ɗaya sai ka zauna ka sake ɗurawa. Ɗayan kuma ba ya riƙe komai sai gorar ruwa, aikinsa ya tsaya a bayan mai bindiga ya duba abin da idon mai auna nama ba ya gani. In ya ga wani abu da bai gamsu da shi ba, ba ya magana, domin magana tana korar dabba. Hannu kawai zai ɗora a kafaɗar mai bindiga. Da zarar hannu ya sauka, harbi ya haramta, ko da naman yana tsaye a gabanka yana kallonka. Ba a gardama a daji, sai an dawo gida. Wanda kuwa ya ji hannu ya harba, Kawu zai karɓe bindigarsa ya rataye ta a ɗakinsa, kuma ba ta saukowa sai mai laifin ya zo da ƙafarsa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. An ce mini tun da ya kafa wannan doka sau ɗaya tak aka taɓa karya ta kafin zuwana.

Ranar da ya ce ni zan riƙa tsayawa a bayan Sani, muna zaune a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da hantsi. Sani ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Baba, wanga mutum ko sunanai ka tambaye shi sai ya yi shawara. In shi ka tsaya min baya, bana sai dai mu ci kuka."

"Don haka nib ba ka shi," in ji Kawu. "Kai idonka ya cika sauri. Shi ko komi yag gani sai ya sake dubawa. Ku biyu in an gama ku an samu maharbi guda."

Na ce, "Kawu, ina jin tsoro kada in riƙa hana shi a banza."

Ya ce, "Hana shi a banza. Gadar da kuka bari tana nan cikin daji, ba ta tahi Makka ba."

Wannan ne karo na farko a rayuwata da wani ya dubi wannan hali nawa na yawan shakka ya ce yana da amfani. A makaranta an yi mini dariya a kansa, a gida an yi mini faɗa a kansa. Kawu kuwa sai ya ba shi aiki. Na kuwa yi aikin fiye da kima, dole in amsa wannan. A makonnin farko na ɗora wa Sani hannu a kan abubuwan da har yau in na tuna sai in ji kunya. Akwai ranar da na hana shi wata ƙatuwar gada domin na ga kamar mutum a bayan kalgo, ashe kututture ne da ya ƙone. Sani ya yini bai yi mini magana ba, da yamma kuma ya kwaikwayi yadda na lallaɓa na gaida kututturen har matan gida suka riƙe ciki. Amma akwai kuma ranar da gamba ta motsa a bakin wata ƙorama, Sani ya ɗaga bindiga, na ɗora hannu domin motsin bai yi mini kama da na dabba ba. Sai ga wata Bafulatana ta miƙe da ƙwaryar ruwa, ba ta ma san muna wurin ba. Da muka ba Kawu labari bai yaba mini ba, bai kuma yi wa Sani faɗa ba. Tambayoyi kawai ya yi ta yi, kamar yadda ya saba kowace yamma: mi kag gani, ina rana take, mi ke bayan naman, da ka harba ka same ta a cinya wa zai bi jininta har ya ƙarasa ta. Haka yake koyarwa. Ban taɓa jin ya ce kaza haramun ne don na ce ba. Sai ya yi ta tambayarka har ka ji amsar ta fito daga bakinka.

Abu ɗaya ne yake nanatawa ba tare da tambaya ba, shi ne dabba mace mai ciki da mai shayarwa, musamman barewa, wadda tun a lokacin ta fara wuyar gani. Ya nuna mana yadda barewa take ɓoye ɗanta a cikin ciyawa ta matsa gefe tana kiwo, da yadda ba ta yin nisa da wurin ko ta ji motsi, sai ta yi ta waiwaye. Ya ce in ka ga barewa ta ji ka amma ta ƙi gudu, ka tambayi kanka me ya riƙe ta.

Wajen tsakiyar rani aka yi gayyar farauta a dajin da ke tsakanin Mada da Tsafe. Yau ba na jin akwai mai hankalin da zai shiga wurin da gora a hannu, amma a lokacin babu abin tsoro sai maciji. Muka tafi a bayan wata tsohuwar motar ɗaukar hatsi, muka haɗu da mafarautan Tsafe. Tun a bakin daji samarinsu suka fara tsokana. Sun ji labarin dokar Kawu, kuma ta ba su dariya ƙwarai. Wani dogo mai jar hula ya dubi Sani ya dube ni.

"Kai ne Sanin da aka ce? To wanga na bayanka fa, ungozoma ce? An ce ku mutanen Bunguɗu sai an ba ku izini kuke taɓa kunamar bindiga."

Sani ya yi murmushi ya ce, "Bari rana ta ɗaga, mu ga wanda za a ɗaukar wa nama."

Amma na ga fuskarsa, na san maganar ta shige shi. Rana ta ɗaga, mutanen Tsafe sun kashe gada biyu, mu ko zomo babu, kuma sau ɗaya a safiyar na riga na hana shi wani harbi da na ga ya yi nisa. Can wajen walaha muka ɓullo wata 'yar fadama da ta bushe, sai ga barewa tsaye ita kaɗai, kyakkyawa, tazarar ba ta wuce ta jifa ba. Mai jar hula yana can hagu da mu, shi ma yana lallaɓowa, ga alama ya gan ta. Sani ya durƙusa ya auna. Barewar ta ɗaga kai ta dube mu, ta taka sau biyu kamar za ta gudu, sai ta tsaya ta waiwaya wajen wata sabara. Na bi inda ta duba. Na ga wani abu kamar kunne ya motsa a cikin ciyawa. Ko kunne ne ko ganye, a wannan lokacin ba zan iya rantsuwa ba. Na tuna kututture, na tuna ungozoma, na tuna cewa da safe na riga na hana shi. Hannuna ya tashi yana rawa. Ban ɗora tafi gaba ɗaya ba kamar yadda aka koya mana. Yatsu biyu na sa, a saman kafaɗarsa ta dama, a kan riga mai kauri da layu a ƙarƙashinta. Bindiga ta tashi.

Harbin ya yi kyau, wannan kowa ya faɗa. Sani ya ruga ya yanka ta da bisimilla, mutane suka taru ana ta sowa, har mai jar hula ya zo ya ba shi hannu. Kawu ya iso a hankali. Al'adarsa ce ba a feɗe naman saurayi sai ya duba. Ya durƙusa ya juya ta, ya sa yatsu ya matsa hantsarta. Nono ya fito fari, ya gangara a kan ƙasa. Wani dattijo daga cikin mutanen Tsafe, mutumin kirki, ya yi saurin cewa kuskure ne, kowa yana yi, a bar yaro ya ji daɗin namansa. Kawu zai iya karɓar wannan maganar a wuce wurin, babu wanda zai zarge shi. Kuskure a wurinsa yana da sauƙi: ka nemo ɗan, ka hana kanka naman, shi ke nan. Amma bai karɓa ba. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Bello, ka ɗora hannu?"

Na ce, "Kawu, abin ya zo da sauri, kuma rigarsa tana da kauri, wataƙila bai..."

"Ban tambaye ka rigatai ba. Ka ɗora ko ba ka ɗora ba?"

Sani yana tsaye da wuƙa a hannu, jini yana ɗiga, yana kallona. Ban taɓa son in ce wataƙila kamar wannan lokacin ba, kuma da na faɗa kowa zai yarda, tunda an san ni da ita.

Na ce, "Na ɗora."

Kawu ya juya wajen ɗansa. Sani ya ce, "Ni ban ji komi ba."

Kawu bai ce masa maƙaryaci ba, bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu kawai, a gaban mutanen Tsafe da kowa, ya karɓi bindigar ya rataya a kafaɗarsa tare da tasa. Sannan ya ce mu je mu ɗauko abin da muka bari. Na kai su gindin sabarar. Yana nan kwance ya lafe, ɗan ƙarami, bai fi ɗan akuya na kwana uku ba. Sani ne ya cire rigarsa ya naɗe shi, shi ya riƙe shi a mota har gida.

Inna Hajo, matar Kawu, ta riƙa tatsar akuya tana jiƙa tsumma tana ɗiga masa. Sani ya karɓi aikin daga hannunta, ya yi masa shimfiɗa a ɗakinsa. Kwana shida ya yi, ko bakwai, sannan ya mutu. Washegari Sani ya shiga wurin mahaifinsa ya ce a ba shi bindigarsa, ya biya abin da ke kansa. Kawu ya ce bindiga tana jiran magana ɗaya. Sani ya ce ba zai amsa abin da bai ji ba don ɗan boko ya faɗa. Kafin azahar ya ɗauki jakarsa ya hau motar Gusau. Ya zama yaron mota a tasha, daga baya direba a hanyar Tsafe. Yana aiko wa uwarsa saƙo, yana zuwa gaisuwar salla ya tsaya a zaure ya juya, amma bai sake kwana a gidan ba.

Ranar da ya tafi Inna Hajo ta same ni a bakin rijiya. Mace ce da ta riƙe ni kamar ɗanta, ita ke ɓoye mini ƙosai in na makara.

"Kai da ba ka taɓa tabbatar da komi ba a duniya, sai ranar nan kat tabbata? A kan ɗana?"

Na je wurin Kawu na roƙe shi ya mayar da bindigar, na ce laifina ne, ban ɗora hannun yadda ya kamata ba, mai yiwuwa da gaske bai ji ba. Yana gyaran igiyar guga, bai daina ba.

"In bai ji ba, Allah Ya sani, kuma ni na zalunci ɗana, zan amsa. Amma in ya ji, na ba shi bindiga, gobe wa zai tsaya mai baya? In hannu bai tsai da shi ba a kan barewa, ranar da mutum ne cikin ciyawa mi zai tsai da shi?"

Ku lura, bai ce ya tabbata ba. Wannan ne abin da na fi girmama shi a kai, kuma na daɗe kafin in gane. Shi ma yana cikin shakka kamar ni, amma ya san wane ɓangare ne in ya yi kuskure a kansa za a iya gyarawa. Ya kuwa biya da tsada. Idonsa ya fara rauni bayan 'yan shekaru, babu ɗa a gona, babu magaji a daji, shugabancin mafarauta ya koma wani gida. Mutane sun yi ta zuwa ba shi baki, har limamin garin. Bindigar tana nan rataye, duk kaka sai ya sauke ta ya shafa mata man gyaɗa ya mayar.

Ni kuwa na sami aiki a ma'aikatar gona, na yi aure, aka haifa mini ɗana Aminu. Amma ban huta ba. Shekara tara ina auna yatsun nan biyu. Wani lokaci in ɗora su a kafaɗata in ji ko ana ji ta cikin riga. Wani lokaci ma in fara tambayar kaina ko na taɓa shi da gaske, ko dai niyya kawai na yi. In na hango motar Sani a tasha sai in sauya hanya.

Abin da ya juyo da shi ban sani ba tabbas. Inna Hajo ta ce a shekarar matarsa ta yi doguwar jinya bayan haihuwa, nono ya ɗauke, shi da kansa ya riƙa ba jaririyar madara da cokali. Mai yiwuwa hakan ne, mai yiwuwa kuma shekaru ne kawai. Shi bai taɓa faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Abin da ta tabbatar mini shi ne ya zo Kekun Waje wata Alhamis, ya wuce zaure ya shiga har ɗakin mahaifinsa, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba, na ji hannun." Kawu ya ce, "Tana nan inda kas sani. Ɗauko ta, ni ba ni ganin ƙusar." Daga wannan ranin Sani ne ya riƙa fita da samarin gidan biyu-biyu, ɗaya da bindiga ɗaya da gora, har lokacin da daji ya gagari kowa. An ce ya fi Kawu tsanani.

Washegarin wannan Alhamis, bayan an sauko daga Juma'a, na ji ana sallama a ƙofar gidan hayar da muke ciki a lokacin. Na fito na ga Sani ya jingina da motarsa, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba. Ya zagayo bayana, ya ɗora yatsu biyu a saman kafaɗata ta dama, daidai wurin, ko kaɗan bai kauce ba.

"Nan ne, ko?"

Na ce, "Ina jin nan ne."

"Har yau ina jin? Malam Wataƙila, nan ne. Yatsa biyu, suna makyarkyata kamar na tsohuwa. Ko sauro ya fi su nauyi." Hannunsa bai ɗaga ba. "Amma na ji su. Tun kafin in taɓa kunama na ji su."

Na zauna a kan dakalin ƙofar gida. Shi kuwa ya leƙa zaure ya ɗaga murya yana tambayar mahaifiyarku ko akwai sauran tuwo, ko kuwa ita ma sai ta yi shawara.